Sake gina taswirar tsoffin nahiyoyi

Sake gina taswirar tsoffin nahiyoyi reshe ne na ilimin ƙasa da ke neman gano inda kowace nahiya da kowane teku suke miliyoyin shekaru kafin yau. Tushensa shi ne cewa ɓawon duniya ba dunƙule ɗaya ba ne. Ya rabu zuwa manyan farantai bakwai da ƙanana da dama, kowanne yana gusawa 'yan santimita a shekara. Ƙarƙashinsu akwai mantil, shimfiɗar dutse mai zafi da ta kai zurfin kilomita 2,890, wadda ta cinye kusan kashi 84 cikin 100 na girman duniya. Mantil ba ruwa ba ne, daskararren dutse ne, sai dai zafi da matsi suna sa shi malala a hankali cikin dogon zamani.

Aikin ya kasu gida biyu. Na farko shi ne gano wace nahiya ce ta taɓa manne da wace, kamar yadda mai ɗinkin ƙwarya yake haɗa ɓallin da suka dace da juna. Na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne gano a wane wuri na doron duniya aka yi wannan haɗuwa. Na farkon an yi nisa da shi tun shekarun 1960. Na biyun shi ya tilasta wa masana leƙa cikin mantil.

Tarihi

Tun 1596 mai zana taswira Abraham Ortelius ya lura cewa gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu suna kama da abin da aka yage. Bajamushe Alfred Wegener shi ya mayar da lurar zuwa nazari a 1912, ya ce dukan nahiyoyi sun taɓa zama dunƙule guda, wato Panjiya. Ya kawo hujja da burbushin halittu, irin su Mesosaurus, ƙaramar dabba mai rarrafe da ake samun ƙasusuwanta a Amurka ta Kudu da kudancin Afirka kaɗai, da ganyen Glossopteris da ya bazu daga Indiya har Antatika. Abin da ya kasa kawowa shi ne ƙarfin da ke tura nahiya, shi ya sa mafi yawan masanan zamaninsa suka yi watsi da shi. Ya rasu a Girinlan a 1930. A wajen lokacin ne Arthur Holmes na Birtaniya ya ba da shawarar cewa zafin ciki yana juya mantil, juyin kuma yana ɗaukar nahiyoyi, amma babu kayan aikin da za a gwada maganarsa.

A 1965 Edward Bullard da abokan aikinsa a Kambirij suka sa kwamfuta ta haɗa nahiyoyin da ke gefen Atlantika. Ba su yi amfani da bakin ruwa ba, sun bi gefen nahiya da ke zurfin mita 900 ko makamancin haka. Haɗin ya yi kyau ƙwarai. Ɗaya daga cikin wuraren da suka hau kan juna shi ne yankin Neja Delta, kuma dalilin a fili yake: laka ce da kogi ya tara bayan an rabu. Shekara biyu bayan haka Patrick Hurley ya auna shekarun duwatsu, ya nuna cewa iyakar da ta raba duwatsu masu shekara miliyan 2,000 da masu kimanin miliyan 600 kusa da Akra a Gana ta sake ɓullowa kusa da São Luís a Birazil, daidai inda taswirar ta ce za a same ta.

Shaidar maganaɗisu

Idan narkakken dutse ya huce ya sauko ƙasa da digiri 580 na ma'aunin Salshiyos, ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke cikinsa sukan daskare suna fuskantar maganaɗisun duniya na wannan lokaci. Abu biyu ake karantawa daga nan. Akwai alƙiblar da suka fuskanta, wadda ke nuna ina arewa take. Akwai kuma karkatarsu: a layin ikwaita kwance suke, a ƙuryar arewa ko ta kudu a tsaye suke, a tsakani kuma gwargwadon nisa. Da wannan karkata ake lissafa nisan dutsen daga ikwaita a ranar da ya daskare. A shekarun 1950 Keith Runcorn da Ted Irving da wasunsu suka gano cewa duwatsun Turai da na Amurka ta Arewa suna nuna ƙuryar arewa a wurare dabam-dabam a zamani ɗaya. Tunda ƙuryar arewa guda ce, dole nahiyoyin ne suka motsa.

Ƙasan teku ya fi haka ba da labari. Maganaɗisun duniya yakan juye, arewa ta koma kudu. Juyewar ƙarshe ta faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews, da Lawrence Morley a nasa ɓangaren, suka fahimci cewa sabon dutse da ke fitowa daga tsaunukan tsakiyar teku yana riƙe tarihin waɗannan juye-juye a zane-zane masu kama da juna hagu da dama. Idan aka cire zane ɗaya bayan ɗaya, sai teku ya rufe, nahiyoyi su koma inda suke. Wannan ita ce hanya mafi inganci da ake da ita, amma iyakarta gajere ce. Tsohon ƙasan teku yana nutsewa cikin mantil, don haka kusan duk wanda ya rage bai wuce shekara miliyan 200 ba, alhali duniya ta kai miliyan 4,540.

Matsalar gabas da yamma

Maganaɗisun duniya, idan aka ɗauki matsakaicinsa na dubban shekaru, daidai yake ta kowane gefe na sandar da duniya ke juyawa a kai. Saboda haka dutse zai faɗi nisansa daga ikwaita, amma ba zai taɓa faɗin ko gabas yake ko yamma ba. Dutsen da ya daskare a inda Kano take yau da wanda ya daskare a kudancin Indiya kusan karkata ɗaya za su nuna. Kai, a tsoffin duwatsu har sanin ko arewa da ikwaita ne ko kudu yakan zama abin gardama, saboda juyewar maganaɗisu.

Akwai kuma wani abin ruɗu. Wani lokaci ɓawon duniya da mantil gaba ɗaya sukan karkata tare a kan sandar juyi, don nauyin da ke ciki ya daidaita. Maganaɗisun dutse ba ya bambanta wannan da tafiyar faranti guda, sai an ware shi da lissafi.

Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a ɗauka cewa Afirka ba ta yi nisa gabas ko yamma ba tun zamanin Panjiya, domin tsaunukan tsakiyar teku sun kewaye ta ta kusan kowane gefe, babu wani babban faranti mai nutsewa da ke jan ta. Sai a kafa Afirka, a jera sauran a kewayenta. Zato ne mai ma'ana, amma zato ne. Ana bukatar wani abin da bai motsa ba a ƙarƙashin farantan.

Tabon zafi

A 1963 J. Tuzo Wilson na Kanada ya ce tsibiran Hawai sun samu ne saboda farantin Pasifik yana wucewa ta kan wani tushen zafi da ke tsaye wuri guda, wanda ake kira tabon zafi. W. Jason Morgan ya ƙara a 1971 cewa irin wannan tushe ginshiƙin dutse mai zafi ne da ke tasowa daga can ƙasan mantil. Jerin tsibirai da tsaunukan ƙarƙashin teku da ya taso daga Hawai ya miƙa kusan kilomita 6,000 zuwa Kamcatka, yana ƙara tsufa yadda ake nisa, kuma ya yi gwiwa a wurin da shekarunsa suka kai miliyan 47. A Atlantika ta Kudu ma tsibirin Tristan da Cunha ya bar sawu biyu, ɗaya ya nufi Namibiya, ɗaya Birazil.

An yi shekaru ana ɗaukar waɗannan tabo a matsayin turakun da ba sa gusawa. Sai aka haƙo duwatsu daga arewacin jerin Hawai a 2001, John Tarduno da abokansa suka buga sakamako a 2003: tsaunin Detroit na ƙarƙashin teku, mai shekara kusan miliyan 80, ya daskare ne wajen digiri 33 arewa da ikwaita, alhali Hawai tana digiri 19. Ashe turken ma tafiya yake yi. Yau ana amfani da tabon zafi tare da lissafin motsinsu, kuma ba sa kai mutum baya fiye da shekara miliyan 130 ko makamancin haka.

Abin da girgizar ƙasa ta nuna

Tun ƙarshen shekarun 1970 Adam Dziewonski na Jami'ar Harvard da wasu suka fara amfani da igiyoyin girgizar ƙasa wajen zana hoton cikin duniya. Igiya tana sauri a dutse mai sanyi, tana rage gudu a mai zafi. Hotunan sun fito da abu biyu masu amfani ga mai sake gina taswira.

Na farko, farantan da suka nutse ba su ɓace ba. Ana ganin ɓallinsu a zurfi, misali ragowar farantin Farallon a ƙarƙashin Amurka ta Arewa, da ragowar tekun Tetis a ƙarƙashin Indiya da kudancin Asiya. Wani bincike na Jami'ar Utrecht a 2010 ya ƙiyasta cewa suna sauka kimanin milimita 12 a shekara a ƙasan mantil. Zurfin ɓalli ke nan yana nuna shekarunsa, wurinsa kuma yana nuna inda gefen wata nahiya yake a lokacin. Shi wannan nutsewa shi ne ma babban abin da ke jan farantai, kamar yadda Donald Forsyth da Seiya Uyeda suka nuna a 1975.

Na biyu, a can gindin mantil akwai manyan tuddai biyu da igiyoyi ke rage gudu a cikinsu, ɗaya ƙarƙashin Afirka, ɗaya ƙarƙashin Pasifik, kusan suna fuskantar juna ta gefe biyu na duniya. Na Afirka ya haura kilomita 1,000 a tsayi a wasu wurare. Kevin Burke, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan a shekarun 1960, ya raɗa musu suna Tuzo da Jason don girmama Wilson da Morgan. A 2004 shi da Trond Torsvik na Norwe suka mayar da manyan ambaliyar narkakken dutse zuwa wuraren da suka faru, sai suka ga mafi yawansu sun faɗo a kan gefen waɗannan tuddai: ta Karoo a kudancin Afirka shekara miliyan 183 da suka wuce, ta Paraná da Etendeka wajen miliyan 134, ta Dekan a Indiya miliyan 66. A 2010 suka ƙara da kimbalait, dutsen da ke fito da lu'ulu'u daga zurfi, suka ce kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka ɓullo cikin shekara miliyan 320 su ma a gefen suke.

Idan tuddan ba su gusa ba, to an samu turken da ake nema: duk nahiyar da ke da kimbalait mai sananniyar shekara, sai a bi layin da maganaɗisu ya bayar har a dace da gefen Tuzo ko Jason. Ba kowa ya yarda ba. Lissafin kwamfuta na Shijie Zhong da na Nicolas Flament ya nuna farantan da ke nutsewa suna iya ture tuddan su sauya musu siffa, wasu ma na ganin na Afirka ya samu ne bayan haɗuwar Panjiya. Akwai kuma haɗarin kewaye: wanda ya jera nahiyoyi bisa gefen tuddan ba zai dawo ya ce dacewar ita ce hujjarsa ba. Shi ya sa taswirar Panjiya take da ƙarfi, ta Rodiniya, dunƙulen nahiyoyin da ya gabace ta mai shekara kusan miliyan 1,000, kuma kowace ƙungiya da tata. Manhajar GPlates, wadda Jami'ar Sidni ke jagorantar ginawa, kyauta ce, kuma da ita ake gwada irin waɗannan taswirori.

Afirka ta Yamma

Wajen shekara miliyan 445 da suka wuce ƙuryar kudu ta duniya tana kan wannan sashe na Gondwana, tsohuwar babbar nahiyar da ta haɗa Afirka da sauran nahiyoyin kudu. Sawun da ƙanƙara ta karce a kan dutse yana nan a kudancin Aljeriya da tsaunin Jado a arewa maso gabashin Nijar. Lokacin da Afirka ta fara rabuwa da Amurka ta Kudu, tsagar ta yi reshe uku a inda Mashigin Gini yake yau. Biyu suka buɗe suka zama Atlantika, aka gama rabuwa wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Na ukun ya tsaya, shi ne Kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000. Babban kada Sarcosuchus da aka tono a Gadufawa ta Nijar yana da ɗan'uwa a jihar Bahia ta Birazil. Teku ya sha shigowa cikin ƙasa bayan haka, kuma farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka da Kalambaina a gindin ruwan gishiri ta kwanta.

Duwatsun da suka ba Jos kuza su ma sun shiga muhawarar tabon zafi. Jeri ne da ya taso daga tsaunukan Azbin, inda suka haura shekara miliyan 400, ya bi ta Damagaram, ya shigo Dutse da wajen miliyan 213, ya ƙare a Afu ta jihar Nasarawa da wajen miliyan 141. Ƙarancin shekaru daga arewa zuwa kudu ya sa wasu suka ce sawun tabon zafi ne, wasu kuma suka danganta shi da tsagogin cikin farantin kansa. Layin duwatsu masu aman wuta na Kamaru, wanda ya taso daga tsibirin Annobón, ya bi ta tsibirin Bioko da Dutsen Kamaru har tudun Biu, ya fi ƙin yarda da wannan bayani, domin shekarunsa ba sa bin jeri daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma Dutsen Kamaru da ke tsakiyarsa ya yi aman wuta a 1999 da 2000.