Shari'ar Sunday Jackson: ɗaukaka ƙara kan hukuncin kisa bayan rikicin gona a Adamawa

Shari'ar Sunday Jackson wata shari'ar kisan kai ce da ta faro daga gona a yankin Numan na jihar Adamawa, ta bi kotu uku har Kotun Ƙoli ta Najeriya, kuma a duka ukun hukuncin bai canza ba, kisa ta hanyar rataya. Jackson manomi ne ɗan garin Dong a ƙaramar hukumar Demsa, wanda ya mutu kuma makiyayi ne Bafulatani. Abin ya faru a farkon 2015 a dajin Kodomti, Kotun Ƙoli ta yi nata hukuncin ranar 7 ga Maris 2025, wato shekara goma kenan Jackson yana tsare ana ta kai da kawowa.

Yadda abin ya faru

Babu wanda ya ga faɗan da idonsa, kuma wannan shi ne matsalar yawancin shari'o'in gona, mutum biyu ne a daji ɗaya ya mutu ɗaya ya rage, to bakin wanda ya rage ɗin shi ne kusan duk shaidar. Abin da Jackson ya faɗa shi ne yana aiki a gonarsa makiyayin ya shigo da shanu, da ya yi magana sai mutumin ya zaro wuƙa ya yi kansa, ya sare shi a ƙafa da ƙeya, suka kama kokawa har ya ƙwace wuƙar ya daɓa masa a wuya. A bayanin da 'yan sanda suka rubuta daga bakinsa an ce sau uku ya daɓa, kuma bai taɓa musun cewa shi ya kashe ba, cewa ya yi kare kansa ya yi.

A ka'ida ɓarnar shanu a gona ba ta kaiwa nan. Mai gona ya kai ƙara wajen mai unguwa ko dagaci, a kira ardo, a je a duba ɓarnar a yi ƙiyasi a biya, shi kenan kowa ya kama gabansa. Amma inda burtali ya zama gona, mashaya ta zama lambu, kuma kowa na yawo da wuƙa ko adda a kafaɗa, kafin dagaci ya ji labari an riga an yi aika-aika.

Abin da doka ta ce

Jihohin Arewa suna aiki ne da dokar hukunta laifuffuka ta Final Kod (Penal Code), wadda ta fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya. A asalin dokar sashe na 221 shi ne na kisan da hukuncinsa kisa ne, alƙali ba shi da zaɓin sassautawa in laifin ya tabbata. Sashe na 60 ya ba mutum 'yancin kare jikinsa da dukiyarsa, har da hana shiga masa gona ba izini ko yi masa ɓarna, sai dai sashe na 62 ya ɗaure wannan 'yancin, ya ce kar ka yi illar da ta wuce abin da kare kan yake buƙata. Wato shanu sun cinye maka dawa ba hujjar kisa ba ce ko kaɗan, amma mutum ya taso maka da wuƙa, wannan magana ce daban.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da mutane ba su cika sani ba, sashe na 222, wanda ya ce in mutum da zuciya ɗaya yana kare kansa sai ya wuce gona da iri, ko tsokana mai tsanani ta sa ya fita hayyacinsa, ko faɗa ne ya ɓarke nan take ba shiri, to kisan ba na rataya ba ne, ɗauri ne wanda zai iya kaiwa rai da rai ko ƙasa da haka. Gaskiya duk mai karanta shari'ar nan da idon basira zai yi ta tambayar kansa me ya hana ta faɗa wannan gurbin.

Daga Yola zuwa Abuja

Babbar Kotun Jiha a Yola ta yanke hukunci ranar 10 ga Fabrairu 2021. Hujjarta ita ce tunda ya ƙwace wuƙar to hatsarin ya kau, kamata ya yi ya gudu ba ya daɓa ba. Duk shari'ar a kan wannan 'yan daƙiƙun ta tsaya, daga lokacin da wuƙa ta bar hannun wancan ta dawo hannun wannan.

Wanda aka yanke wa kisa yana da 'yancin ɗaukaka ƙara kai tsaye ba sai ya nemi izini ba, tsarin mulkin 1999 ya ba shi a sashe na 241 da na 233, kuma ba a zartar da hukuncin sai afil, wato ɗaukaka ƙarar, ya ƙare. Sai dai afil ba sabuwar shari'a ba ce kamar yadda mutanen ƙauye da yawa suke zato, ba a sake kiran shaidu, ba a zuwa ganin gonar, takardun kotun ƙasa kawai alƙalai za su karanta su ga ko an yi kuskuren doka. Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Yola ta tabbatar da hukuncin a 2022, to daga nan aiki ya ƙara wuya, don Kotun Ƙoli ba ta cika taɓa abin da kotuna biyu suka yi ittifaƙi a kai ba sai in ya fito fili ya saɓa wa shaidar da ke gabansu.

Alƙalai biyar suka zauna, huɗu suka kori afil ɗin. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ita kaɗai ta saɓa, ra'ayinta shi ne mutumin da aka riga aka sara a ƙafa, yana cikin kokawa da wanda ya zo kashe shi, ba a ce masa ya tsaya ya auna bugu nawa zai yi ko ya ruga a guje, ta ce a sake shi.

Magoya bayan Jackson sun kuma ɗaga batun jinkiri a Babbar Kotun Yola, sashe na 294 na tsarin mulki ya ce a yanke hukunci cikin kwana 90 bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, nan kuwa an kai kwana 167. Amma shi wannan sashen da kansa ya ce jinkiri kaɗai ba ya rushe hukunci sai an nuna ya jawo zalunci.

Afuwa

Bayan Kotun Ƙoli babu wata kotu, saura gwamna, wanda sashe na 212 na tsarin mulki ya ba ikon yafewa ko rage hukunci. A nan Final Kod ta bambanta da fiƙihun Malikiyya da aka sani a ƙasar Hausa, inda dangin mamaci za su iya yafe ƙisasi su karɓi diyya, a Final Kod ko sun yafe hukuncin yana nan, gwamnati ce mai ƙara. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kira, maganar ta kai har majalisar Amurka inda ɗan majalisa Riley Moore ya sa baki, abin ya ɗauki launin addini da ƙabila wanda ba ya cikin takardun kotu. A Disamba 2025 Gwamnan Adamawa Ahmadu Umaru Fintiri ya yi wa Jackson afuwa albarkacin Kirsimeti da sabuwar shekara, ya fito. Afuwar ba ta goge hukuncin alƙalai huɗun ba, yana nan a littattafan shari'a kuma ƙananan kotuna dole su bi shi.