Wanda Ba Ya Magana, Ba Ya Tunani Ke Nan?

Tun muna yara muke jin ana cewa kurma ko bebe hankalinsa bai cika ba, wai tunani ba ya yiwuwa sai da kalmomin baki. Wannan ra'ayi ya daɗe, kuma a Turai ma ya yi ƙarfi. A taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1880, aka yanke shawarar a daina koyar da yara da hannu, a tilasta musu motsa baki. An yi shekaru masu yawa ana cutar da bayin Allah a kan wannan kuskure, abin da har yau yake ci mini rai.

Sai a 1960 William Stokoe, malami a Gallaudet, kwalejin kurame ta Amurka, ya nuna cewa maganar hannu harshe ne cikakke mai nahawunsa. A ƙasar Nikaraguwa ta Amurka ta Tsakiya kuma, kuramen yara da aka tara a makaranta a Managuwa, babban birnin ƙasar, daga ƙarshen shekarun 1970 suka ƙirƙiro harshensu, ba wanda ya koya musu shi. To daga ina harshen ya fito, in ba tunanin ne ya riga shi zama a kansu ba?

Mu ma muna da shaida a gida. Je ka inda kuramen Kano suke taruwa, ka ga yadda suke musu da barkwanci da ciniki da Maganar Hannu. Haka wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana: sau da yawa yana gane 'ya'yansa, yana lissafin kuɗinsa daidai, har ya ci mutum a dara, alhali kalma ɗaya ta gagare shi.