Gidan jinya a Amurka: wa ke biya, kwana nawa, kuma me ke tsayar da kuɗin

A Amurka akwai gidajen jinya kusan 15,000 da gwamnati ta amince da su, mazaunansu sun haura mutum miliyan ɗaya. Wuri ne da ke tsakanin asibiti da gida: an sallami mutum, amma jiki bai kai a mayar da shi ɗakinsa ba, ko don gyambo mai buƙatar wanki kullum, ko allura ta jijiya, ko gashin ƙashi bayan tiyatar ƙugu. Asusu biyu na gwamnati ne ke riƙe da su, Medicare da Medicaid, waɗanda aka kafa a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Sunayensu sun yi kama, amma kama da wane ba ta wane, kuma yawancin bashin da ke faɗa wa iyalai daga rikita su yake farawa.

Medicare inshorar tarayya ce ta masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu naƙasa. Abin da take biya a gidan jinya shi ne magani na ɗan lokaci a hannun ƙwararru. Wanka, ciyarwa, juya tsoho a gado da kai shi banɗaki, in su kaɗai ne buƙatar, ba ta biyan ko kwabo. Wannan dogon zaman aikin Medicaid ne, asusun masu ƙaramin ƙarfi, ko aljihun iyali.

Ƙa'idar kwana uku

Kafin Medicare ta biya, sai majiyyaci ya yi kwana uku a jere a asibiti a matsayin wanda aka ba gado a hukumance. Ranar shiga ana ƙirga ta, ranar sallama ba a ƙirgawa. Sannan ya shiga gidan jinya cikin kwana 30 da fitowarsa, saboda ciwon da aka yi masa magani a asibitin.

Tarkon yana cikin kalmar nan "a hukumance". Asibiti na iya ajiye mutum a gado, da riga da ƙarin ruwa da komai, amma a takarda yana ƙarƙashin sa ido ne kawai, abin da suke rubutawa "observation". Waɗannan darare ba sa cikin lissafi. A ce wata dattijuwa ta faɗi a banɗaki daren Litinin, aka kai ta sashen gaggawa, ta kwana ana sa ido. Sai yammacin Talata likita ya rubuta umarnin ba ta gado, aka sallame ta ranar Alhamis. 'Ya'yanta sun ga dare uku, Medicare ta ga biyu, Talata da Laraba. In aka wuce da ita gidan jinya, kuɗin yana kan iyali tun daga ranar farko. Tun 2017 doka ta tilasta wa asibiti ba da takardar sanarwa ga wanda ya wuce awa 24 ana sa masa ido, amma takarda ce cikin takardu da yawa da ake miƙo wa mutum yana cikin zafin ciwo. Mai jinya ya riƙa tambayar likita kai tsaye kowace safiya: an ba ta gado ne ko sa ido ake yi, kuma tun yaushe?

In an tsallake wannan, lissafin kwanaki ya fara. Daga rana ta 1 zuwa ta 20 Medicare ce ke biyan komai. Daga ta 21 zuwa ta 100 majiyyaci na biyan nasa kason kullum, wanda ya kasance dala 204 a 2024, ya koma dala 209.50 a 2025. Wanda ya cinye kwana 80 ɗin nan duka a 2025 zai biya dala 16,760, sai dai in yana da ƙarin inshora ko Medicaid ta ɗauke masa. Bayan rana ta 100 babu komai. Kwanakin ba sa sabuntuwa da shigowar sabuwar shekara. Sai mutum ya yi kwana 60 a jere ba ya kwance a asibiti kuma ba ya karɓar jinyar ƙwararru, sannan ya sake cika kwana ukun asibiti.

Kwana 100 ɗin kuma iyaka ce ta ƙarshe, ba alkawari ba. Kowace rana sai an nuna akwai buƙatar ƙwararre: aikin nas kwana bakwai a mako, ko gashin ƙashi da makamantansa aƙalla kwana biyar. Likita zai sa hannu a kan buƙatar lokacin shiga, ya sabunta kafin rana ta 14 ta wuce, daga nan kowane kwana 30. Akwai wata magana da har yau ake faɗa wa iyalai, wai "ya daina samun sauƙi, don haka Medicare ta daina biya". Wannan ba doka ba ce. Sulhun shari'ar Jimmo, ƙarar da aka kai gwamnati kan wannan batu, da aka amince da shi a 2013 ya fayyace cewa in ana buƙatar ƙwararre don hana jiki lalacewa ko rage saurin lalacewar, to ya cancanta, ko da ba a sa ran warkewa.

Idan gidan ya yanke shawarar dakatarwa, dole ya ba da takardar sanarwa aƙalla kwana biyu kafin ranar. A jikinta akwai lambar wayar hukuma mai zaman kanta da ke sauraron ɗaukaka ƙara cikin gaggawa, kuma wa'adin kira shi ne ƙarfe 12 na rana a ranar da ta gabaci ranar dakatarwar. Ba a biyan kuɗi, ba a buƙatar lauya. Masu tsarin Medicare Advantage, inda kamfani ke riƙe da inshorar, nasu lissafin daban ne: sau da yawa ana yafe musu kwana ukun, amma sai kamfanin ya ba da izini tukuna, kuma yana bibiyar kwanakin sosai.

Yadda ake lissafa wa gidan kuɗinsa

Tun 1998 Medicare ke biyan gidajen jinya kuɗi ƙayyadadde a kowace rana, maimakon biyan duk abin da suka ce sun kashe. A tsohon tsarin, yawan mintocin gashin ƙashi ne ke ɗaga farashi, kuma matakin ƙoli na buƙatar minti 720 a mako. Sai ya zamana tsofaffin da ko zama ba sa iya yi ana rubuta musu minti 720 cif. A 2016 kamfanin Life Care Centers of America ya amince ya biya dala miliyan 145 don kashe ƙarar da gwamnati ta shigar kan irin wannan zargi.

Ranar 1 ga Oktoba 2019 aka sauya zuwa tsarin da ake kira PDPM, wanda ke duba halin majiyyaci a madadin mintoci. Kuɗin rana ɗaya haɗin kashi shida ne: gashin ƙashi, koyon ayyukan yau da kullum kamar sa tufa da wanka, gyaran magana da haɗiya, aikin nas, magunguna da kayan aiki, sai kuɗin ɗaki da gudanarwa wanda ba ya sauyawa da ciwo. Kason magunguna ana ninka shi uku a kwana ukun farko, domin a lokacin ne ake sayen mafi yawansu. Kaso biyun farko kuwa suna raguwa da kashi 2 cikin 100 kowane kwana bakwai daga rana ta 21. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa maganar sallama ke yawan tasowa da zarar an doshi mako na uku, daidai lokacin da iyali ma suka fara biyan nasu kason.

Duk wannan lissafi daga fom ɗaya yake fitowa, MDS, fom ɗin da gidan ke cika halin majiyyaci a ciki, wanda ranar tantancewarsa dole ta faɗa tsakanin rana ta 1 da ta 8. A nan ake yawan yin kuskure, kuma ta fuska biyu. Majiyyaci na cin abinci markaɗaɗɗe saboda matsalar haɗiya amma ba wanda ya rubuta, gidan ya yi asarar kuɗin da ya cancanta. Ko kuma a cika cewa yana fama da rashin abinci mai gina jiki alhali babu rubutun likita a fayil, mai binciken kuɗi ya zo ya karɓe. A wannan harka abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba. Gidan da ya gano an biya shi fiye da kima yana da kwana 60 ya mayar, in ya riƙe kuma ya faɗa ƙarƙashin dokar da'awar ƙarya, mai tarar ninki uku. Ban da haka Medicare na tsakure kashi 2 cikin 100 na kuɗin kowane gida, ta raba wani ɓangare gwargwadon ingancin aiki, musamman ƙarancin masu komawa asibiti.

Masu bincike

Tushen ƙa'idojin kulawa shi ne dokar gyaran gidajen jinya ta 1987. Ita ta ce a sami nas mai lasisi a bakin aiki awa 24, da cikakkiyar nas mai rajista aƙalla awa takwas a jere kullum, kuma mataimakin nas ya sami horon awa 75 ya ci jarrabawa cikin wata huɗu da fara aiki. Ana rubuta tsarin kulawa na farko cikin awa 48, cikakkiyar tantancewa cikin kwana 14. Likita na ganin mazauni kowane kwana 30 a kwana 90 na farko, daga nan kowane 60. A 2024 gwamnatin Biden ta fito da ƙa'idar awa 3.48 na aikin jinya ga kowane mazauni a rana, amma alƙalin tarayya a Texas ya soke ta a Afrilun 2025, sannan dokar da Majalisa ta zartar a Yuli ta ɗage aiki da ita har 2034.

Masu binciken jiha na zuwa ba sanarwa, ba za a wuce wata 15 ba su zo ba, kuma koke ɗaya na iya kawo su ko yaushe. Suna bin keken magani su ƙirga kuskure, su auna sanyin firji a kicin, su tsaya su ga ko an wanke hannu tsakanin ɗaki da ɗaki, su ɗaga bargo su duba gyambon kwanciya. Kowane laifi na samun harafi daga A zuwa L gwargwadon illarsa da yawan waɗanda ya shafa. J, K da L na nufin rai na cikin haɗari yanzu, kuma in ba a kawar da haɗarin ba za a yanke yarjejeniyar gidan da Medicare da Medicaid cikin kwana 23. Ga sauran laifuka, gidan na da kwana 10 ya miƙa tsarin gyara. In aka kai wata uku ba a gyara ba, an daina biyan kuɗin sababbin shiga, in aka kai shida an rufe famfon gaba ɗaya. Sakamakon binciken yana shafin intanet na Medicare mai suna Care Compare, tare da tauraro ɗaya zuwa biyar. Taurarin bincike da na yawan ma'aikata sun fi abin dogaro, domin na ukun, wato na inganci, kaso mai yawa daga rahoton gidan kansa ake ɗauko shi.

Haƙƙin mazauni ma doka ce. Ba a sallamar mutum sai da ɗaya daga dalilai shida, yawanci da sanarwar kwana 30. Haramun ne gida ya ce sai ɗa ko 'ya sun tsaya jinginar bashi kafin a karɓi mahaifinsu, don haka a karanta layin da ake neman a sa hannu da kyau. Abinci kuma ya yi la'akari da addini da al'ada. Maganar naman halal, lokutan salla, da son mace ta yi wa mace wanka, a taron tsara kulawa ake kawo ta a rubuta ta, domin da zarar ta shiga tsarin, mai bincike na iya kama gidan a kanta. Kowace jiha na da jami'in karɓar koke da ake kira ombudsman, kuma aikinsa kyauta ne.

Medicaid da kuɗin da aka tura gida

Kusan shida cikin kowane mazauna goma Medicaid ke biya musu. Sharaɗinta ƙarancin dukiya ne: a mafi yawan jihohi kada abin da mutum ya mallaka ya wuce dala 2,000, ban da wasu abubuwa kamar gidan zama da mota ɗaya. Fanshonsa na tafiya ga gidan jinya, a bar masa ɗan kuɗin kashewa wanda mafi ƙarancinsa dala 30 ne a wata. Bayan rasuwa jiha na iya neman kuɗinta daga abin da ya bari.

Ga inda abin ke shafar mutanenmu da suka tsufa a can. Kusan duk jihohi na duba asusun mai nema na wata 60 baya. Abin da aka bayar kyauta a tsakanin, ko gudummawar biki ne, ko kujerar Makka da aka biya wa ɗan'uwa, ko kuɗin ginin da aka tura Kano ko Maraɗi, ana iya ɗaukarsa a matsayin ɓatar da dukiya. Sai a raba jimlar da matsakaicin kuɗin gidan jinya na wata a jihar. A ce an tura dala 50,000 kuma matsakaicin dala 10,000 ne, to wata biyar ke nan Medicaid ba za ta biya ba, alhali kuɗin sun riga sun zama bulo.

Iyayen da aka ɗauko da girma kuwa suna tsakanin bango biyu. Sashen asibiti na Medicare, wanda shi ke biyan gidan jinya, kyauta ne ga wanda shi ko abokin aurensa ya yi aikin kimanin shekara goma yana biyan haraji. Mai katin zama na dindindin da bai yi wannan aikin ba sai ya cika shekara biyar a jere a ƙasar kafin ya iya saye, kuma cikakken farashin a 2025 dala 518 ne a wata. Medicaid ma a mafi yawan jihohi na da nata jiran na shekara biyar. Wanda ya zo da bizar ziyara ba ya cikin ko ɗaya, in ban da agajin gaggawa a asibiti.