Gyaran tsohon titi ko fasa sabo: hanyoyin Abuja da Jos

Gyaran tsohon titi ko fasa sabo muhawara ce da ta daɗe a harkar hanyoyin Najeriya, wato in hanya ta mutu ko motoci sun fi ƙarfinta, shin faɗaɗa ta za a yi a sake mata kwalta, ko a tsaga wata daban ta cikin daji. Abu biyu ake aunawa, kuɗi da rayukan matafiya.

Tarihi

Hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano an mayar da ita tagwaye ne zamanin Babangida, wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, daidai lokacin da gwamnati ke shirin tarewa a Abuja a 1991. Ta ɗan samu kulawa, daga baya aka bar ta wa tireloli da ruwan damina. An kafa hukumar FERMA a 2002 don faci da kula da titunan tarayya, sai kuma gwamnatin Obasanjo ta rushe tolget wajen ƙarshen 2003, kuɗin gyara ya koma jiran kasafi kawai, shi kuwa rami ba ya jiran kasafi. A Disamban 2017 aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kano, kimanin kilomita 375, aikin ya yi ta jan ƙafa har ma'aikatar ayyuka ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna a 2024 bayan saɓani kan farashi. Ta Abuja zuwa Lokoja ma tun 2006 aka ba da aikin tagwaita ta. Wadda ta fi sa'a ita ce ta Keffi, Akwanga, Lafiya zuwa Makurdi, kamfanin China Harbour ya faɗaɗa ta da bashin China, aka fara karɓar kuɗin tolget a 2025.

Haɗari

Gyara yana da nasa haɗarin, don in aka rufe hannu ɗaya aka tura kowa ɗaya hannun, mai zuwa da mai dawowa suna fuskantar juna, direba ya fito obatekin cikin ƙura sai taho-mu-gama. Wannan laifin jinkiri ne fiye da laifin gyaran, aikin shekara uku in ya kai bakwai to duk shekarun nan jama'a na cikin wannan halin.

Akwai kuma inda kwalta ba ta magani. Hawan Kibo a ƙaramar hukumar Riyom ta jihar Filato, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, matsalarsa gangara ce da kwana-kwana, tirela mai lodi ta taho birki ya yi zafi ya shanye, nan sai dai a sassauta hawan ko a canza wa titin layi. Mararaba da Nyanya kuwa, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, gari ne ya haɗiye titin, kasuwa da tasha da masu tsallakawa duk a kansa, baifas, wato titin da ke kewaye gari, ya fi dacewa da irinsu.

Kuɗi

Sabon titi sai an biya diyyar gonaki da gidaje, a gina gadoji da kwalbatoci daga tushe. Tsoho yana da filinsa, shi ya sa galibi ya fi araha, kuma a kansa garuruwa da kasuwanni suke.

Sababbin ayyuka

A 2024 aka ƙaddamar da aikin gina sabon titin Legas zuwa Kalaba, kimanin kilomita 700, da na Sakkwato zuwa Badagry mai sama da 1,000. Masu suka sun ce a gama tsofaffin tukuna, gwamnati ta ce sababbin za su buɗe kasuwanci. Hanyar Akwanga, Jos, Bauchi zuwa Gombe na cikin manyan ayyukan da ta ambata.