Ba dare ɗaya mawaƙan alternative rock suka yi suna ba

An daɗe ana cewa ƙungiyoyin alternative rock (wani salon kiɗan gita da ganguna da ya saɓa wa wanda aka saba ji) na Amurka dare ɗaya suka yi fice, wajen 1991. Ba laifin masu faɗa ba ne, lokacin ne manyan gidajen rediyo da talabijin suka rungume su.

Amma da yawansu tun shekarun 1980 suke fama. Su cusa ganguna da gita a tsohuwar mota, suna wasa gari-gari a ƙananan kulob, su kwana a ƙasa gidan masoya. Rediyon jami'o'i ne ke sa waƙoƙinsu, ƙananan kamfanoni na buga musu faifai.

Tantancewa ba wuya: duba shekarar faifansu na farko da kamfanin da ya buga shi, ka kwatanta da na faifan da ya yi tashe. Don Allah a tura wa wasu.