Waiwaye: Yadda kifin bas na Fulorida ya sauya kamun kifi a Teksas

Tun daga 1943 har zuwa 1980, babu wanda ya kama kifin bas mai faɗin baki a jihar Teksas ta Amurka da ya zarce wani mai nauyin kilo 6 da ɗoriya wanda aka kama a tafkin Medina. A farkon shekarun 1970 ne hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jihar ta fara zuba irin bas na jihar Fulorida a madatsun ruwanta, domin wannan iri ya fi na gida girma idan ruwan bai cika sanyi ba. Kifayen da aka kawo suka yi barbara da na gida, aka sami ruwa-biyu masu saurin girma.

Tafkin Fork, wanda aka kammala a 1980, shi ya fi cin moriyar wannan shiri. A 1986 wani mai fatsa, Mark Stevenson, ya kama wata uwar kifi mai kusan kilo 8 a can, kuma da ita aka buɗe shirin ShareLunker, inda mai fatsa ke miƙa wa hukuma duk kifin da ya kai kusan kilo 6 da ransa, a kai shi gidan ƙyanƙyasa ya yi ƙwai, sannan a watsa 'ya'yansa a wasu tafkuna. A 1992 Barry St. Clair ya kama wanda ya ɗara kilo 8 a tafkin, kuma har yanzu ba a sami wanda ya fi shi a jihar ba.

Sai dai bas na Fulorida yana da wayo, ba ya saurin cizon ƙugiya, saboda haka mai neman yawan kamu kan yini bai sami abin da zai nuna ba, ko da yake mai neman ƙaton kifi guda bai damu da hakan ba.

Asarar da ta fi muni ta faru ne a rafuffukan tsakiyar jihar, inda wani iri daban, bas mai ƙaramin baki, da aka zuba a shekarun 1970 ya yi barbara da bas na Guadalupe, wanda babu shi a ko'ina sai Teksas, har tsantsar irinsa ya kusa ɓacewa a wasu koguna. Daga baya hukumar ta koma ƙyanƙyasar tsantsar Guadalupe tana zubawa a koguna irin su Blanco da South Llano domin ya rinjayi ruwa-biyun.