-O2, -O3 ko -Ofast: Wanne zan sa idan ina haɗa manhaja da kaina?

Duk wanda ya sauko da rubutun tushen wata manhaja don ya haɗa ta da kansa a Linux zai ci karo da CFLAGS, wurin da ake gaya wa kompaila, wato shirin da ke yin haɗawar, irin gyaran da zai yi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Me waɗannan -O ɗin suke yi ne tukuna?

Kompaila, kamar GCC da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987 ko Clang na LLVM, shi ke mayar da rubutun C ko C++ zuwa umarnin da furosesa ke ganewa. Idan ba ka ce masa komai ba, yana kan -O0: zai juya rubutun kusan layi-layi, haɗawar ta yi sauri, amma manhajar ta fito da nauyin jiki. A -O2 yana jefar da abin da ba a amfani da shi, ya fitar da lissafin da ba ya canzawa daga cikin zagaye (umarnin da ake maimaitawa), ya cusa ƙananan fankshin (guntayen aiki masu suna) a inda aka kira su. Akwai -Os mai neman ƙanƙantar fayil, da -Og da ya zo a GCC 4.8 don masu farautar kuskure.

To ai uku ta fi biyu. Me zai hana in sa -O3 ko'ina?

Lambar tana nuna yawan dabarun da aka kunna ne, ba alkawarin gudu ba ce. Mafi yawan abin da -O3 ke ƙarawa yana kumbura manhaja: ya kwafi fankshin a wurare da yawa, ya rarraba zagaye ɗaya zuwa iri-iri. Ita kuwa ƙaramar ma'ajiyar umarni da ke cikin furosesa, a yawancin na Intel da AMD kilobait 32 ce kacal. Idan ɓangaren da ake yawan bi ya fi ƙarfinta, furosesa zai riƙa jiran a kawo masa umarni daga nesa, ribar ta tafi a nan.

Inda -O3 ke amfani shi ne manhajar da ke cinye lokacinta a zagayen lissafi kan dogayen jerin lambobi, irin na kimiyya ko sarrafa hoto. Ko a nan tazarar ta ragu, domin tun GCC 12 na 2022 -O2 ma yana haɗa lissafi da yawa a umarni ɗaya inda hakan ba shi da tsada. Sannan manhajojin sarrafa bidiyo irin FFmpeg da x264 an rubuta wuraren da suka fi cin lokaci a cikinsu da yaren inji da hannu, wanda babu -O ɗin da ke taɓa shi.

Debian da Fedora da Arch duk da -O2 suke haɗa dubban manhajojinsu, haka ma zuciyar Linux, wato kernel. A ganina wannan ya isa hujja: hanyar da kowa ke bi ita aka fi share wa ƙaya.

-Ofast fa? Sunan ma kawai...

Wannan a yi hattara da shi, don ba ɗan gidan sauran ba ne. Daga -O1 zuwa -O3 kompaila ba ya canza sakamakon rubutun da ke bisa ƙa'ida. -Ofast yana kunna -ffast-math, wanda ke ba shi izinin karya ƙa'idar lissafin lambobi masu ɗigo ta IEEE 754. A kwamfuta, (a+b)+c ba lallai ya yi daidai da a+(b+c) ba saboda guntulewar lambobi, amma da wannan izini kompaila zai jera su yadda ya ga dama. Zai kuma ɗauka cewa NaN, alamar lissafin da ya lalace, ba zai taɓa faruwa ba, har ya iya goge layin da ka rubuta don bincika shi.

Ɓarnar ba ta tsaya a manhajarka ba. A 2022 an gano wasu laburaren Python (kunshin ayyukan da manhajoji ke arowa), ciki har da gevent, da aka haɗa ta wannan hanya: da zarar an loda su, sai su sa furosesa ya riƙa mayar da lambobi masu matuƙar ƙanƙanta sifili ga dukan shirin, har da ɓangarorin da ba ruwansu. GCC 13 ya daina yin hakan a laburaren da ake rabawa, Clang 19 kuma ya sa -Ofast cikin abubuwan da yake ba da shawarar a daina amfani da su.

An ce -march=native yana ƙara gudu. Gaskiya ne?

Yana iya ƙarawa, domin yana barin kompaila ya yi amfani da duk umarnin da furosesarka ke da su, irin AVX2 da Intel ya kawo da Haswell a 2013. Sharaɗin shi ne manhajar ta zauna a inda aka haɗa ta. Ka kai ta tsohuwar kwamfutar hannu irin waɗanda suka cika kasuwanninmu, mai furosesar kafin 2013, sai ta faɗi da saƙon "Illegal instruction". Idan rabawa za ka yi, zaɓi mataki tsayayye kamar -march=x86-64-v2, wanda shi Red Hat Enterprise Linux 9 ya ɗauka a matsayin mafi ƙaranci.

Manhajata tana aiki a -O0, amma a -O2 sai ta rikice. Laifin kompaila ne?

Da wuya. Galibi rubutun ne ya shiga halin da ƙa'idar C ba ta fayyace ba, kompaila kuma yana aiki ne bisa zaton ba ka taɓa shiga can. Misali, idan x int ne (cikakkiyar lamba), zai ɗauki x + 1 > x gaskiya ne kullum, ko da lambar ta cika ta zube. A 2009 irin wannan ya ciji Linux kanta: a wani direban sadarwa mai suna tun an yi amfani da wani manuni (adireshin wuri a RAM) kafin a duba ko fanko ne, GCC ya ga dubawar ba ta da amfani ya cire ta, rami ya buɗe wa masu kutse. Tun lokacin ake haɗa Linux da -fno-delete-null-pointer-checks. Kafin ka zargi kowa, sake haɗawa da -fsanitize=undefined,address ka ga abin da zai fito.

Na sa nawa CFLAGS, sai manhajar ta rage gudu. Yaya aka yi?

Mai yiwuwa ka share -O2 ba ka sani ba. Fayil ɗin configure na Autoconf, mai tsara yadda za a haɗa manhajar, yana sa -g -O2 ne kawai idan ba ka ba shi naka ba; ka rubuta CFLAGS="-march=native" shi kaɗai, ka koma -O0. CMake ma, mai irin wannan aikin, idan ba a faɗa masa CMAKE_BUILD_TYPE ba, ba ya sa wani -O. Release ke ba da -O3, RelWithDebInfo kuma -O2 da -g.

Idan ina son ƙarin gudu na gaske, ina zan dosa?

Gwada -flto, wanda ke barin kompaila ya kalli dukan fayilolin a tare lokacin ɗinke su, ko da yake yana cin lokaci da RAM. Wanda ya fi shi tasiri a manyan manhajoji shi ne haɗawa sau biyu: da -fprofile-generate, ka gudanar da aikin da ka saba, sannan da -fprofile-use, yanzu kompaila ya san wace hanya aka fi bi. Abin da --enable-optimizations na Python ke yi ke nan, Firefox da Chrome ma haka ake haɗa su. Kowanne ka gwada, canza abu ɗaya a lokaci guda, ka auna lokaci da umarnin time ko hyperfine a kan ainihin aikinka, kwamfutar tana jone da wuta, don laftof a kan batir yakan rage gudun furosesa ya ɓata maka awon.